Babi na Biyar: Komin Furannin Yanka, Daga Ƙwayar Iri Zuwa Kwalba

Wanda ya yi nufin shuka furanni domin ya riƙa yankowa yana sawa a ruwa cikin ɗaki, ko yana aika wa majinyaci da amarya da baƙon da ya sauka gidansa, wajibi ne tun daga farko ya raba niyyarsa da niyyar mai ƙawata ƙofar gida, domin ko da yake iri ɗaya za su shuka, a ƙasa ɗaya, da ruwa ɗaya, hukuncin aikinsu ya sha bamban. Mai ƙawata ƙofa yana son furen ya zauna a kan uwarsa har ya bushe, yana son shuka gajeriya mai cika ido, kuma duk wanda ya miƙa hannu ya tsinka ya yi masa ɓarna. Mai komin yanka kuwa manomi ne, amfanin gonarsa shi ne kara dogo miƙaƙƙe da fure a kansa, kuma ranar da kominsa ya fi burge masu wucewa ita ce ranar da ya makara da girbi. Saboda haka bayan ɗaki ake nema wa wannan komi wuri, ko gefen rijiya, ko kusa da inda uwargida take shuka yakuwarta da kuɓewarta, a jera shi layi-layi, a bar hanyar da mutum zai bi da bokiti da wuƙa.

Ba za mu ɓoye ba, sanya yankakken fure a ɗaki bai kasance cikin al'adar kakanninmu ba. Wani shehin malami na jami'ar Kambirij a Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya wallafa littafi a 1993 a kan matsayin fure a wurin al'ummai, ya kuma lura da ƙarancin noman fure domin ado a yawancin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, gama mu son kyau da ƙamshi ya tafi ne wajen turaren wuta da humra, da jeren ɗakin amarya, da aikin allura a wuyan riga, da zanen da magina ke yi a fuskar soro. Amma fa wanda ya taɓa wucewa ta gindin lalle da almuru yana cikin fure, ko ya murza ganyen ɗoɗɗoya a tafin hannunsa, ya san hancinmu bai jahilci wannan babi ba. Ga kuma abin da magabata suka bari a littattafai: Ibnu Bassal na Ɗulaiɗila a ƙarni na 11, da Ibnul Awwam na Ishbiliya a ƙarni na 12, malaman Andalus ne da suka yi talifi a kan noma, kuma na biyun, a cikin Kitabul Filaha, bai ga ƙasƙanci ba wajen bayanin renon wardi da yasmin da narjis a littafin da ya yi bayanin alkama da zaitun. Ya zo kuma a Sahihu Muslim cewa ba a mayar da kyautar raihani. Wannan ya isa hujja ga mai jin nauyin a gan shi yana ban ruwa ga abin da ba a miya da shi.

Mas'ala ta farko ita ce zaɓen iri, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke yin hasara, domin sukan zaɓa da hoton da ke bayan takarda. Furannin da suka shahara a lambunan Ingila da Holan, masu son sanyi da danshin iska, in an kawo su Zariya ko Kano sukan tsiro, su yi 'yan makonni suna fama, sa'an nan su kwanta ba su nuna fure ko ɗaya ba, sai fa a kan tudun Jos, inda tsawon ƙasa ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, dare kuma yana da sanyi. Abin da ya dace da mu shi ne abin da Allah Ya halitta a ƙasa mai damina da rani irin tamu, kuma ikon Allah, mafi yawan waɗannan daga Meksiko suka fito, ƙasar da ta ba duniya masara. Daga can ziniya ta zo, wadda masanin tsirrai Linniyas ya raɗa wa suna a 1759 domin tunawa da wani malamin tsirrai Bajamushe, Johann Zinn. Ita ce uwar komi, mai launi iri-iri tun daga fari har ja wur, tana tsirowa cikin kwana 4 zuwa 7, tana fure cikin kwana 60 zuwa 70. Daga can kosmos ya zo, wanda wani masanin tsirrai, Kabaniles, ya bayyana a lambun sarki na Madrid a 1791, mai siririn ganye da fure mara nauyi. Daga can kuma marigol ya zo, mai ruwan ɗorawa da ruwan lemo, wanda mutanen Hindu suka karɓa hannu biyu suna yin sarƙar wuya da shi a bukukuwansu. A ƙara da sanfulawa ta Amurka ta Arewa, da gomfirina mai ƙananan kawuna zagayayyu waɗanda ba sa sakin launinsu ko sun bushe, da selosiya, 'yar'uwar alayyahu, wadda Yarabawa suke miya da ganyen wani nau'inta. Wanda ya mallaki waɗannan shida ya mallaki abin da zai cika kwalba wata huɗu, kuma shawarata ga mai farawa ya tsaya a kan uku daga ciki, ziniya da marigol da gomfirina, har ya ga kamun ludayinsu.

Akwai biyu kuma da ba sai an saya ba. Karan yakuwa ja, sa'ad da zoɓorodonsa ya kumbura ya jeru a jikinsa, in aka zage ganyen, masu sana'ar fure a ƙasashen waje kuɗi suke sawa su saya, alhali ga shi nan a bayan kowane ɗaki. Ɗoɗɗoya kuma ita ce ganyen da ke cika tsakanin furanni ta ba su ƙamshi, da sharaɗin a bari sai karanta ya yi ƙwari ta soma fure, gama ɗanyar ɗoɗɗoya da an yanke ta take yin laushi.

Mas'ala ta biyu, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce lokaci. Takardar irin da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka za ta ce a shuka bayan wucewar raɓar da ke daskarewa, a reni tsiron cikin ɗaki mako shida kafin nan, a nemi wurin da rana ta fi dukansa. Wannan fatawa ce da aka bayar domin mutanen wata ƙasa, kuma ba a yin ƙiyasi da ita a inda illar hukuncin ba ta samu ba. Abokan gabarmu su ne zafin bazara, da markar tsakiyar damina, da ƙishin rani. A Zariya, inda ruwan shekara yake kai wajen milimita 1,000, yawancinsa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, ruwan fari yakan yaudari mai gaggawa, ya shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma tsiron ya ƙone. Sai a jira ruwa ya zauna. To, amma shukar farkon Yuni tana da nata aibi, domin lissafin kwana sittin zai kai furenta cikin Agusta, a tsakiyar marka, kwanakin taurarin da malaman hisabi suke kira Nasara da Ɗarfa da Jabaha, lokacin da ganye ba ya bushewa tun safe har dare. A nan ne ganyen ziniya yake yin ɗigo-ɗigo baƙi, furen ya jiƙe ya ruɓe, iskar hadari kuma ta kwantar da duk karan da ba a tokare ba. Shukar da ta fi albarka a wurinmu ita ce ta tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, wadda za ta yi ƙuruciyarta cikin yalwar ruwa, ta buɗe furenta a ƙarshen Satumba da Oktoba, sa'ad da sama ta washe, ƙasa kuwa da sauran danshi. Mai hikima ba ya zuba irinsa duka rana ɗaya. Yakan raba shi kashi uku, tsakanin kowane kashi da na bayansa mako uku, domin in na fari ya tsufa na biyu ya karɓe shi. Wanda yake arewa da nan, kamar Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, inda damina ta fi gajarta, sai ya matso da lissafin gaba, ya kuma shirya taimaka wa shukar ƙarshe da ruwan rijiya.

Akwai wani sirri a cikin wannan lissafi wanda takardar iri ba ta faɗa, manoman dawa kuwa sun san shi tun kaka da kakanni ko da ba su ba shi suna ba. Dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, ba ta fitar da kai sai damina ta doshi ƙarewa; wadda aka shuka da wuri ta yi tsawo, wadda aka makara ta tsaya gajeriya, amma kusan tare suke yin bununi. A 1920 wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suna bincike a kan taba da waken soya, suka tabbatar da sababin haka, watau cewa tsirrai da yawa suna auna tsawon yini da dare, ba sa yin fure sai dare ya kai wani gwargwado, kuma daga baya aka gane cewa tsawon duhun ne abin lura. Kosmos da ziniya da marigol da selosiya da yakuwa duk suna da wannan ɗabi'a, wasu da ƙarfi, wasu da sauƙi. A Holan yinin watan Yuni yana kusan sa'a 17, saboda haka kosmos yakan yi ta girma har ya kai kafaɗar mutum kafin dare ya tsawaita ya ba shi izinin fure. A Zariya kuwa yini mafi tsawo bai cika sa'a 13 ba, mafi gajarta kuma wajen sa'a 11 da rabi ne, watau a wurin waɗannan tsirrai kusan kullum lokacin fure ne. Wannan shi ne dalilin da mutum zai shuka irin da takarda ta ce zai kai mita ɗaya da rabi, ya ga ya yi fure yana iya gwiwa, ya zargi mai sayarwa da ha'inci, alhali mai sayarwa bai yi ƙarya ba. Maganin abin shi ne a nemi nau'in da aka san shi da tsawon kara, kamar manyan ziniyoyin gidan Benary, kamfanin iri na Jamus da aka kafa a Erfurt a 1843, a guji duk wanda aka rubuta cewa gajere ne na tukunya, a kuma sani cewa shukar damina za ta fi ta hunturu tsawo. Wanda yake da fitilar lantarki a tsakar gida mai kwana a kunne, ya lura kada haskenta ya faɗa kan yakuwa da kosmos, domin tana iya jinkirta furensu. Masu noman fure na kasuwa ma da gangan suke kunna fitilu da dare domin kara ya yi tsawo kafin su kashe su ya yi fure.

Game da wuri da ƙasa magana kaɗan ta isa, domin duk mai lambu ya san ta. A nemi inda rana take samu aƙalla sa'a 6, nesa da inuwar mangwaro da saiwar darbejiya, in kuma da hali, inda katanga za ta kare zafin la'asar. Faɗin komi kada ya wuce mita ɗaya, watau kamu biyu da ɗan ɗori, domin hannu ya kai tsakiyarsa ba tare da an taka ba. Tsawonsa mita 3 ya isa mafari. Na damina a ɗaga shi sama kamar kunya domin ruwa ya tsiyaye, na rani kuwa a nutsar da shi a yi masa baki domin ya riƙe ruwa. Taki ya zama wanda ya ruɓe sarai har ya koma baƙar ƙasa, gama ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, karan da bai ruɓe ba kuma gayyatar gara ne. Israfi a taki ma illa ne: kosmos musamman, in ya sami ƙasa mai maiƙo, ganye zai yi ta yi ya manta da abin da aka shuka shi dominsa.

Kafin a zuba iri a ƙasa, mustahabbi ne a jarraba shi, domin takardar da ta yi watanni a rataye a rumfar mai sayarwa, rana tana dukanta, sau da yawa gawa ce a ciki. A ɗauki ƙwaya 10 a nannaɗe a tsumma mai danshi, a ajiye a inuwa mako ɗaya; in 7 ko 8 suka fasa, iri na da rai, in 3 ne kawai, sai a yawaita zubawa ko a nemi wani. Masu manyan ƙwaya, ziniya da kosmos da marigol da sanfulawa, a shuka su kai tsaye inda za su zauna, ƙwaya biyu a rami, zurfin da bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, sai sanfulawa da ke son gaɓa guda. Ziniya da sanfulawa ba sa son a taɓa saiwarsu, dashe yakan mayar da su baya. Selosiya kuwa ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, baƙa mai sheƙi kamar ta alayyahu, kuma in aka binne ta da zurfi ba za ta fito ba. Sai a gauraya ta da yashi, a barbaɗa a kasko ko tsohon kwano mai huda a gindi, a danna da tafin hannu, a rufe da 'yar busasshiyar ciyawa yadda masu tumatir na Kadawa da Kura suke yi wa wurin renonsu, a ɗauke ciyawar da zarar tsiro ya leƙo. Abin da ke kashe tsiron reno shi ne yawan ruwa da cunkoso, sai ka ga wuyansa ya yi siriri daidai ƙasa, ya faɗi, na kusa da shi ya bi shi, kuma wanda ya faɗi ba ya tashi. Da ya yi ganye huɗu na gaskiya a dasa shi da yamma, kada a bari ya daɗe a kasko, domin selosiyar da saiwarta ta takura takan yi ɗan fure tun tana taƙi ɗaya, daga nan kuma ta gama.

Sa'an nan sai aikin da zuciya ba ta so, watau ragewa. Inda biyu suka fito a rami a cire ɗaya, a bar taƙi guda, wajen santimita 25, tsakanin kowace ziniya da 'yar'uwarta, ta haka komin mita 3 zai ɗauki gindi 48 a layi huɗu. Wanda tausayi ya hana shi ragewa zai sami kara siriri da ganye mai fumfuna, domin iska ba ta ratsawa. Sanfulawa ce kaɗai ake matse ta da gangan, domin in ta sami fili takan yi kai kamar faifai da kara kamar sanda, wanda babu kwalbar da za ta ɗauke shi. A makonnin nan na farko maƙiya suna da yawa, kuma mafi sharrinsu na gida ne: kaza mai tono, da akuyar maƙwabci, da ƙadangare mai sare tsiro da hantsi. Darni ko tsohon gidan sauro da aka kafa a kan 'yan sanduna ya fi kowane magani. Darɓa da ƙananan tsutsotsi kuwa, ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma sun koma, yana rage su. Marigol yana da wata fa'ida ta daban, ita ce saiwarsa tana rage wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, saboda haka inda ya yi damina wuri ne mai kyau ga tumatirin rani.

Idan shuka ta kai taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ta yi ganye aure uku ko huɗu, sai a sa farce ko almakashi a cire kanta daidai saman wata gaɓa. Mai gani zai ce ɓarna ce, ga shuka lafiyayya har ta soma ƙulla furen fari. Hikimar ita ce kan shuka yana aika wani sinadari ƙasa wanda ke hana idanun da ke hammatar ganye tohowa, to da an cire shi sai su farka, a sami rassa huɗu ko shida dogaye a maimakon kara ɗaya. Ana jinkirta fure da wajen mako biyu, ana kuma ninka girbi. Wannan hukunci ya hau kan ziniya da kosmos da marigol da ɗoɗɗoya. Bai hau kan sanfulawa mai kara ɗaya ba, da selosiya mai kai ɗaya babba, domin su in aka cire kan, an cire amfanin duka. A wannan lokaci ne kuma ake kafa turaku a kusurwoyin komi a zagaya igiya hawa biyu, tun kafin hadarin da zai nuna bukatarsu.

Yanka shi ne girbi, shi ne kuma noma. Shukar shekara ɗaya ba ta da wata manufa sai ta bar iri, kuma da zarar furenta ya ƙulla ƙwaya sai ta tattara ƙarfinta can ta daina sabon fure. Sha'aninta sha'anin kuɓewa ne, wadda in ana tsinka kullum take ta haihuwa, in aka bar 'ya'yanta suka ƙosa ta tsaya. Saboda haka ko babu wanda za a ba, ko kwalabe sun cika, wajibi ne a bi komi kowane kwana biyu ko uku a cire duk furen da ya buɗe. A yanka da zurfi, kara mai tsawon kamu ɗaya, daidai saman gaɓa mai ganye biyu, ko da za a tafi da wasu ƙananan rassa, gama yanka na sama-sama rassa gajeru yake haifarwa. Lokacinsa bayan sallar asuba ne kafin rana ta yi zafi, sa'ad da kara yake cike da ruwan da ya sha da dare, a tafi da bokitin ruwa har bakin komi a tsoma kowane kara nan take. Kowane fure kuma da alamar nunarsa. Ziniya ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, sai a bari ta buɗe sarai, a kama karan taƙi ɗaya ƙasa da furen a girgiza. In wuyan ya yi lanƙwasa ba ta isa ba, in ya tsaya ƙyam ta isa. Kosmos akasin haka ne, ana yanka shi yana soma fasawa, kafin ƙudan zuma su ziyarce shi, domin bayan ziyararsu ba ya daɗewa. Sanfulawa kuma sa'ad da kunnuwan furen suka soma ɗagowa daga fuskarta.

Abin da ke kashe fure a kwalba ƙishi ne, ko da yana tsaye cikin ruwa, domin ƙwayoyin halitta da ke yaɗuwa a ruwa mai datti suna toshe hanyoyin da kara yake sha da su. Saboda haka a wanke kwalbar kamar za a sha ruwa da ita, a zage duk ganyen da zai nutse, marigol musamman, wanda ganyensa yake saurin wari, a sake ruwan kullum a ƙasarmu mai zafi, a kuma datse gindin kara kaɗan duk bayan kwana biyu. Wanda ya so ya ƙara, ya sa ƙaramin cokali na sukari a lita ɗaya, da matsin rabin lemon tsami, da ɗigo kaɗan na bilic. Sukari abinci ne, tsami yana sauƙaƙa sha, bilic yana tsare ruwa, kuma sukari ba tare da bilic ba ya fi rashinsa sharri. A nisanta kwalba daga taga mai rana, da iskar fanka, da kwandon ayaba ko mangwaro masu nuna, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska mai tsofar da fure. Da wannan kulawa ziniya da marigol sukan yi mako guda, kosmos kwana huɗu ko biyar, gomfirina da selosiya kuwa in an gaji da su a ruwa sai a ɗaure a rataye su kai ƙasa a inuwa, su shekara da launinsu.

Wanda yake da rijiya ko famfo yana iya sake shuka a Oktoba ko Nuwamba, ya sami fure cikin hunturu, lokacin da gari ya yi fari fat da ƙura, kuma a ganina furen wannan lokaci ya fi na damina tsabta ko da ya fi shi gajarta. Sai dai ya yi lissafi tun da wuri: a rani kowane murabba'in mita yana shan lita 5 zuwa 7 a yini, watau komin mita 3 yana bukatar kusan jarka guda ta 'yan garuwa kullum. Shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a gindin shuka yana rage wannan, ruwan alwala da na wankin hatsi in an tara su sun isa wani kashi, amma ruwan wanki mai omo yana ɓata ƙasa a hankali. A zuba a gindi, kada a jiƙa ganye. Daga Maris zuwa saukar ruwa, sa'ad da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, a bar komin ya huta, a zuba masa taki ya jira.

Kafin a tuge shukar kaka, a zaɓi gindi biyu ko uku mafi tsawon kara da kyan launi daga kowane nau'i, a ɗaura musu tsumma domin kada a yanka su da mantuwa, a bar furensu ya bushe a kansu har ya yi ruwan ƙasa ya riƙa ruɓushewa a hannu. A murje, a sheƙe, a shanya a inuwa mako guda, a zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan toka mai sanyi yadda ake adana wake, a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, domin danshi da zafi su ne masu cin ran iri. Sharaɗi ɗaya ne a nan: in takardar da aka saya tana ɗauke da alamar F1, to iri ne mai aure, kamar masarar da manoma suke saye sabuwa kowace shekara, kuma 'ya'yansa ba za su fito kamar iyayensu ba, bisa ƙa'idar gado da wani masani, Mendel, ya wallafa a 1866 bayan jarrabawarsa da wani dangin wake. Ko irin da ba mai aure ba ma, in aka shuka ziniya ja kusa da fara, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi za su gauraya su, baɗi a ga launukan da ba a shuka ba. Wanda yake son launi ɗaya tsantsa, sai ya shuka shi kaɗai a shekarar da zai ɗebi iri, ko ya lulluɓe gindin da ya zaɓa da yankin gidan sauro tun furen bai buɗe ba, ya riƙa shafa fure da fure da gashin kaza da hantsi har su ƙulla.